Yadda ake sulhunta al'ummomi biyu masu gaba ta hanyar tono abin da ke kwance a zuciya

Duk wanda ya yi zama a ƙasar Adar ya san irin fargabar da ke zuwa tare da kaka. Hatsi ya nuna amma ba a gama kai dammuna rumbu ba, tabkunan Azawak sun fara ƙafewa, garkunan shanu da raƙuma sun juyo kudu, kuma burtalin da kakanni suka sani ya tsuke har ya koma kamar hanyar ƙafa. Idan ɓarna ta auku, abin da aka saba shi ne a kai magana gaban mai gari ko sarki, a duba gonar, a yanke abin da za a biya, a rubuta takarda, liman ya shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Wannan tsari yana da amfani, kuma dokar tsarin karkara ta 1993 ta ƙarfafa shi, domin ta bar wa sarakunan gargajiya hurumin sasantawa kafin magana ta kai gaban alƙali. Amma mun ga ranakun da takarda ba ta tare komai ba. A Toda, cikin jihar Maradi, an kashe fiye da mutum ɗari a watan Oktoba na 1991, a Bangi kuma, cikin gundumar Madawa ta nan jihar Tawa, rikicin manoma da makiyaya ya ci aƙalla rayuka 18 a watan Nuwamba na 2016. Ruwa ba ya tsami banza. Ɓarnar gefen gona ita kaɗai ba ta isa ta sa mutum ya cinna wa bukkar maƙwabcinsa wuta ba, sai in akwai wani tsohon miki da ta fama.

Lokacin da shugaban Masar Anwar Sadat ya tsaya gaban majalisar dokokin Isra'ila a watan Nuwamba na 1977, ya ce akwai wani shinge na zargi da tsoro a cikin zukata wanda ya kai kashi 70 cikin ɗari na matsalar da ke tsakaninsu. Wannan magana tana cikin abin da ya zaburar da wasu likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka riƙa haɗa Larabawa da Isra'ilawa a tarukan da ba na hukuma ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Vamik Volkan, Baturke haifaffen tsibirin Kubrus a 1932, wanda ya koyar a jami'ar Bajiniya, ya kuma ɗauki ilimin nazarin ɓoyayyen tunani da Sigmund Freud ya assasa a birnin Biyana ya kai shi fagen sulhu. Matakan da ke biye sun samo asali daga aikinsa da na wasu masana halayyar taro, na daidaita su da abin da na gani a zaman sasantawa a karkararmu.

Kafin komai, a tabbatar an kai lokacinsa. Wannan aiki ba ya farawa alhali jini bai bushe ba, ba ya maye gurbin jandarmomi da alƙali a kan wanda ya yi kisa, kuma ba a ɗauko shi domin ƙungiyoyin da ke ɗauke da bindiga suna kai hari. Aiki ne na al'ummomin da dole su ci gaba da shan ruwan rijiya ɗaya da cin kasuwa ɗaya bayan ƙura ta lafa.

Mataki na farko shi ne haɗa ayarin masu shiga tsakani, mutum huɗu ko biyar, domin mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar nauyin. A sami mai jin Hausa da mai jin Fulatanci ko Buzanci sosai, yadda babu wanda zai dogara ga tafintan da ɓangare ɗaya ya kawo, a sami malami da ake girmamawa, a sami dattijuwa mace, domin akwai maganar da ba za ta taɓa fitowa gaban maza ba. Kowane ɗaya cikinsu ya fara bincikar kansa, tun da shi ma ɗan wata ƙabila ne, ya kuma tashi da labaran da aka ba shi yana yaro a kan ɗaya ɓangaren. Masu nazarin ɓoyayyen tunani sun daɗe da lura cewa abin da mai saurare yake ji a ransa, na haushi ko tausayi ko gajiya, sau da yawa alama ce ta abin da ke yawo a wurin ba tare da an furta shi ba. Saboda haka ayarin ya ɗauki al'adar keɓewa bayan kowane zama, kowa ya faɗi gaskiyar wanda ya ba shi haushi da wanda zuciyarsa ta karkata gare shi. Wanda ya ɓoye wannan ga abokan aikinsa, fuskarsa za ta tona shi gaban jama'a.

Mataki na biyu shi ne sauraron kowane ɓangare shi kaɗai, a gidansa, kuma a nan ne akasarin aikin yake. Volkan ya kwatanta hanyarsa da itace mai saiwa da gangar jiki da rassa, wannan sauraro kuwa shi ne saiwar. A je gari, a je ruga, a kwana in da hali, a zauna da dattawa da samari da mata daban-daban. Kada a buɗe da tambayar wa ya fara. A ce wa mutum ya ba da labarin wurin nan tun daga inda ya sani, sannan a yi shiru, a lura da inda ya zaɓi ya soma.

Na taɓa zama da wani dattijo a zaurensa a kan ɓarnar da aka yi wa gonar wake, wadda duka-duka ba ta wuce ƴan jikkuna ba. Na ce masa, «Baba, a ba mu labarin yadda abin ya faru.» Bai ambaci wake ba. Ya fara da wata rijiya da ya ce kakansa ya haƙa, da ranar da aka hana mahaifinsa shayar da jakinsa a bakinta, aka yi masa dariya gaban mata. Yana magana muryarsa tana rawa, yana cewa «suka ce mana», «suka kore mu», alhali a lokacin ko haihuwarsa ba a yi ba. Da na ce masa, «Baba, ai wannan ya daɗe», sai ya dube ni ya ce, «Ɗana, a wurinka ne ya daɗe.» Kuskure na yi da na faɗi haka, kuma shi ya koya mini kada in sake.

Abin da dattijon nan yake ɗauke da shi shi ne Volkan ya kira zaɓaɓɓen miki, wato wata asara ko wulaƙanci da ya sami kakannin jama'a, ba su samu sun yi makokinsa ba, ba su kuma samu sun rama ba, sai suka miƙa shi ga ƴaƴa da jikoki kamar gado, har ya zama wani abin da jama'ar ke gane kanta da shi. Yana iya kwanciya shekaru aru-aru, amma ranar da tsoro ya zo, ko wani mai neman mulki ya tono shi, sai katangar da ke tsakanin jiya da yau ta rushe, maƙwabcin yau ya rikiɗe ya zama azzalumin da. Sabiyawa, wata al'umma ta Turai, suna ɗaukar yaƙin Kosobo na 1389 a matsayin babban kayen da suka sha, kuma a watan Yuni na 1989, shekara 600 cif, shugabansu Slobodan Milosevic ya tara dubban ɗaruruwan mutane a filin ya tuna musu da shi, ƴan shekaru kaɗan kafin ƙasar Yugoslabiya ta faɗa yaƙi. Mu ma muna da misalin da ya fi kusa da mu. Malaman tafsiri suna kawo labarin Ausu da Khazraju a Madina, waɗanda Musulunci ya haɗa kansu, amma da wani mai son fitina ya sa aka rera musu waƙoƙin ranar Bu'asu, yaƙin da suka gwabza kafin hijira, sai suka zabura neman makamai har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fito ya kwantar da su.

Don haka a wannan mataki a rubuta abu uku game da kowane ɓangare, ba a gabansu ba: wane tsohon miki suke komawa gare shi, wane abin alfahari suke taƙama da shi, kuma wane wuri ne ko wace rana ce ke tayar musu da hankali, ko wata rijiya ce, ko wani kabari, ko wata mashaya. A kuma kasa kunne ga kirarin maroƙa da waƙoƙin mata wajen daka da abin da ake tsoratar da yara da shi, domin can ne gadon yake wucewa daga baki zuwa baki. Wannan sauraro yana iya cin wata biyu ko uku, kuma lokacinsa rani ne, ba ranar da garke ya riga ya iso bakin gona ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na uku shi ne zaɓen waɗanda za su zauna da wurin zaman. Freud ya bayyana a 1921 cewa abin da ke ɗaure taro shi ne kowa ya ɗora burinsa a kan shugaba ɗaya, ta haka sai su ga junansu kamar abu guda. Wannan ne ya sa mai gari ko arɗo, idan yana magana gaban mutanensa, ba ya iya sassautowa ko da ya so, domin idanunsu suna kansa. Saboda haka a fara da mutum goma zuwa goma sha biyar daga kowane ɓangare, waɗanda ake jin maganarsu amma rawani bai ɗaure su ba, irin su sarkin noma, da garson da ke jagorantar garke, da malamin makaranta, da mai sayar da nono a kasuwa, da saurayin da samari ke bi. A sanar da sarakuna da hukuma, a nemi albarkarsu, amma su dakata tukuna. Kada a bar masu zafin kai a waje, domin sulhun da aka ƙulla da masu sanyin hali kaɗai, masu zafin ne za su kwance shi.

Wurin ya zama ba na kowa ba, a kuma rufe shi, babu rediyo, babu ɗaukar hoto da waya. Masanin Amurka Gordon Allport ya nuna a 1954 cewa haɗuwa tana rage ƙiyayya ne idan an haɗu a matsayi ɗaya, da manufa ɗaya, ana taimakon juna, kuma hukuma tana goyon baya. Matsayi ɗaya a wurinmu yana nufin abubuwan da ake rainawa: kada wasu su hau kujera wasu su zauna a tabarma, kada harshen wasu ya zama shi ne harshen taro na wasu kuma sai an fassara a gurguje, kada a fara miƙa wa ɓangare ɗaya shayi kullum.

Mataki na huɗu shi ne zaman farko, kuma mai shiga tsakani ya shirya ransa domin ba zai yi daɗi ba. Da wuya a fara ba tare da wata ƴar rigima ta tashi a kan wurin zama ko wanda zai yi addu'ar buɗewa ba. Kada a raina ta, domin babbar rigimar ce ta shigo cikin ƙaramar riga, kuma yadda aka warware ta cikin adalci shi zai nuna wa kowa irin hannun da yake ciki. Bayan haka sai gasar wahala ta biyo, kowane ɓangare yana lissafa matattunsa da asararsa, ba ya jin na ɗaya. Mai gaggawa yakan katse su ya ce a manta da baya a dubi gaba, wannan kuwa shi ne kuskure mafi girma a duk aikin, domin wanda aka hana faɗin ciwonsa zai ɗauka an sake yi masa abin da aka yi wa kakansa. A bar su su faɗa, bi da bi, da lokaci daidai, da sharaɗi ɗaya tak, cewa babu zagin iyaye kuma babu barazana. Idan ɗaya ya gama, a roƙi wani daga ɗaya ɓangaren ya maimaita abin da ya ji, ba tare da an ce ya yarda da shi ba.

A cikin wannan zama za a ji kalmomin «su ai haka suke», ɓarayi ne, maciya amana ne, ba su da tausayi. Masu nazari, musamman Melanie Klein, sun bayyana yadda zuciyar da ke cikin tsoro take raba duniya gida biyu, ta riƙe alheri duka a wurinta, ta jingina wa wani duk aibin da ba ta son gani a kanta. Bahaushe ya riga ya faɗe shi da ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai shiga tsakani ba ya yin wa'azi a kan wannan, ba ya kuma cewa kowa ƙarya yake yi. Tambaya yake yi a hankali: «Malam, a cikinsu akwai wanda ka taɓa ba amana ya riƙe?» Kusan kullum akwai, ko wanda aka ba kiwon tumaki shekara da shekaru, ko wanda ya ba da masauki a shekarar fari. Sunan mutum ɗaya idan ya fito, kalmar «su» ta fara tsagewa.

A kuma lura da halin taron kansa. Likitan Ingila Wilfred Bion, wanda ya yi aiki da sojojin da yaƙin duniya na biyu ya taɓa wa hankali, ya ga cewa taro idan damuwa ta yi masa yawa yakan bar aikin da ya tara shi, ya koma ko dai neman wani ya cece shi, ko faɗa da gudu, ko zuba ido ga wasu mutum biyu da fatan su haifar da mafita. Za ka ji an ce maka, «Ranka ya daɗe, kai ne mai ilimi, ka yanke mana kawai.» Magana ce mai daɗin ji, amma tarko ce, domin hukuncin da ka yanke naka ne, kuma ranar da ya karye kai za a zarga. Ka mayar musu da ita cikin ladabi, ka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mataki na biyar shi ne maimaita zaman, kwana biyu ko uku a jere, sannan a sake bayan wata ɗaya ko biyu, da mutanen nan dai ba wasu ba. A nan akwai abin da ke karya gwiwar wanda bai san shi ba. Yau za a ga sun ci tuwo a kwano ɗaya suna kiran juna ɗan'uwa, gobe da safe su zo fuska a murtuke kamar ba su taɓa gaisawa ba. Volkan ya lura da wannan matsowa da ja da baya a tarukansa, kuma ni yana tuna mini da zugazugin maƙeri. Dalilinsa shi ne kusanci da abokin gaba yana tsoratarwa, domin mutum yakan ji kamar ya ci amanar matattunsa, ko kamar jama'arsa za ta narke cikin wata. Freud ya yi magana a 1930 a kan yadda maƙwabta masu kama da juna, kamar mutanen Sifen da na Fotugal, suke riƙe ƙananan bambance-bambance da ƙarfi. Saboda haka kada a yi ta nanata musu cewa duk ɗaya kuke. A bar wa kowa rawaninsa da harshensa da sana'arsa, a nuna masa cewa sulhu ba zai raba shi da su ba, sai a ga bugun zugazugin yana raguwa daga zama zuwa zama.

Mataki na shida shi ne makoki, kuma ba a tilasta shi, buɗe masa ƙofa ake yi. Tun 1917 Freud ya bayyana makoki a matsayin aiki mai cin lokaci, wanda zuciya ke yi kafin ta saki abin da ta rasa. Inda aka binne mutane cikin gaggawa da tsoro, aka hana ambatonsu domin kada fitina ta tashi, wannan aiki yakan tsaya cak. A wata ruga wata tsohuwa ta shiga bukka ta fito mana da sandar kiwon ɗanta da gorarsa, igiyar gorar ta bushe har ta fara karyewa, ta ce ba ta yarda kowa ya taɓa su ba tun ranar da aka kawo mata su. Dattijuwar ayarinmu ta ce mata, «Inna, me kike so a yi miki?» Ba ta ambaci diyya ba. Ta ce tana son wani daga garin can ya zo ya yi mata gaisuwa, ya kira sunan yaron da bakinsa. Irin wannan buƙata ce ya kamata a kai wa taron, a shirya ta'aziyya ta kowane ɓangare zuwa ga ɗaya, a ambaci sunayen mamatan duka a addu'a ɗaya. Diyya da hukuncin kotu suna nan a matsayinsu, amma kuɗin da aka miƙa ba tare da gaisuwa ba, mai karɓa yakan ji kamar an saye jinin ɗansa.

Sai bayan wannan ake shiga mataki na bakwai, wato aikin hannu na tare, rassan itacen ke nan. A 1954 masani Muzafer Sherif ya raba yara maza 22 gida biyu a wani sansani a jihar Okalahoma, ya sa su gasa har suka ƙi jinin juna. Da ya haɗa su cin abinci kawai, jifan juna suka yi da shi. Gabar ba ta sauka ba sai da ruwan sansanin ya yanke, motar abinci kuma ta ƙi tashi, dole suka haɗu suka gyara, suka ja. Saboda haka a zaɓi aikin da babu ɓangaren da zai iya shi shi kaɗai kuma kowa zai ci moriyarsa, kamar yashe rijiya da tsara lokutan shayarwa, ko bin burtali ƙafa da ƙafa tare da hukumar filaye ta gari ana kafa alamomi, ko farfaɗo da tsohuwar yarjejeniyar da makiyayi ke sauka a gona bayan girbi, dabbobinsa su ci kara da harawa su bar taki. A fara da ƙarami wanda za a gama cikin mako biyu. Wasan taubasantaka, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, yana taimakawa ƙwarai a wannan gaɓa inda akwai shi, kamar tsakanin Fulani da Barebari ko Zabarmawa da Abzinawa, amma kada a jawo shi tun ana cikin makoki, domin wasa a kan ɗanyen miki raini ne.

Bikin sulhu a bainar jama'a, da sarakuna da hukuma da rantsuwa da takarda, shi ne mataki na ƙarshe. Ƙasarmu da kanta ta sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da ƴan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilu na 1995, amma ba a ƙona makamai a Agadas ba sai ranar 25 ga Satumba na 2000. A ranar bikin, waɗanda suka yi zaman su ne za su yi magana, kowa da harshensa, su faɗa wa jama'arsu abin da suka ji daga bakin ɗaya ɓangaren. A naɗa mutum biyu daga kowane gefe waɗanda ke da lambar wayar juna, da izinin su kira ko da tsakar dare idan jita-jita ta tashi. Sannan a sa ranar da ayarin zai dawo ya sake zama da su, kuma ranar ta kasance kafin hatsi ya nuna, makonni kafin hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, tun garkunan suna arewa.